Hailait ya yi haske da yawa: shamfun fafal, tona, ko a mayar da shi baƙi?

'Yar uwa, kin ce hailait mai ruwan zuma kika nema a salun, wato layukan gashi da ake haskakawa da bilicin, amma da aka kwance takardun da aka naɗe silin da su aka wanke kan sai ga layukan sun fito rawaya shar, wasu wuraren ma ruwan lemo. Kina tambaya wanne ya fi: ki sayi shamfun fafal, ki koma a sa miki tona, ko ki shafe komai da baƙin rini ko lalle ki huta.

Kafin ki kashe ko sisi, fita tsakar gida da madubi da rana, don hasken ƙwan ɗaki yaudara ne. Ki duba abin da ke damunki: launin ne bai yi miki ba, ko kuwa hasken ne ya wuce yadda kike so? Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki, kuma a nan mata da yawa ke zubar da kuɗinsu.

Bilicin gashi ba ya ƙara launi, cinye baƙin da ke cikin silin yake yi. Baƙin gashi irin namu sai ya bi ta ja, ya koma ruwan lemo, sannan rawaya, kafin ya yi fari-fari. Masu rini suna auna wannan da lamba 1 zuwa 10: 1 baƙi wuluk, 10 mafi haske. Ruwan zumar da kika so yana wajen 6 ko 7. Idan naki ya yi rawaya shar, to an kai shi 8 ko 9 ke nan.

Shamfun fafal, wato mai launin shunayya irin su Shimmer Lights, aikinsa ɗaya da bular da muke sa wa fararen kaya: yana kashe rawaya-rawayan, amma ba ya mayar da fari ya zama ruwan ƙasa. Don haka idan hasken ya yi miki, rawayar ce kawai ta ishe ki, zai taimaka. Ki bar shi minti 3 zuwa 5, sau ɗaya ko biyu a mako. Idan kuwa hasken ne matsalar, ko kin ƙarar da kwalba guda layukan suna nan tar, wataƙila ma su ƙara fitowa don sun karkata zuwa ruwan toka. Sannan shunayya rawaya kaɗai take kashewa. Inda ya yi ruwan lemo, shamfu mai launin shuɗi ake nema. Dukansu kuma suna busar da gashi, ga shi yawancinmu ba kullum muke wanke kai ba, balle mai kitso da zai yi mako biyu, don haka aikinsu a kanmu a hankali yake tafiya.

Tona kuwa rini ne mai sauƙi da ke zama a kan silin ba tare da ya ƙara cinye shi ba. Wanda nake nufi shi ne irin da ake haɗawa da ruwan haɗi mara ƙarfi, lamba 10 ko ƙasa da haka, kamar Wella Color Touch. Wannan lambar ta ƙarfin ruwan haɗin ce, ba ta hasken gashi ba: lamba 10 na nufin sinadarin farokzayid kashi 3 cikin 100 ne, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kashi 12. Idan kika ga an ɗauko 30 ko 40 da sunan gyara, ki ɗaura ɗankwalinki ki tashi. Shi tona yana yin abu biyun a zama ɗaya: ya kashe launin da ba ki so, ya kuma sauko da hasken mataki ɗaya ko biyu, cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Baƙin gashin da ke tsakanin layukan kusan ba ya taɓa shi. Aibinsa shi ne yana koɗewa bayan wanki kamar 20, amma ni a wurina wannan alheri ne, don idan bai yi miki ba, ba ki ɗaure kanki ba.

Sai dai a kula da zaɓen lambar launin tonan. Gashin da ya sha bilicin yana zuƙe rini da sauri, ya fito duhu fiye da hoton kwali, musamman bakin jelar. Ki zaɓi wanda ya fi abin da kike so haske da mataki ɗaya, kuma a fara gwadawa a ɗan sili na ƙeya. Idan za a sauko da shi sosai, daga 9 zuwa 5 misali, dole rinin ya kasance mai ɗan ja ko ruwan gwal a ciki, don a mayar da abin da bilicin ya cinye. In aka zuba mai ruwan toka kai tsaye, sai gashin ya fito wani dushi-dushi mai kore-kore. Wella T18 da ake yawan yabo ma ba naki ba ne: an yi shi ne don gashin da ya riga ya yi fari-fari, a kan ruwan lemo ba ya tsinana komai.

Akwai kuma gyaran da ƙwararru ke yi idan layukan ne suka yi faɗi ko suka yi yawa: a tsinci wasu silin daga cikin masu hasken a rina su ruwan ƙasa mai duhu, a bar sauran. Ya fi kowanne kyau, ya fi tsada, kuma sai hannun da ya iya.

Baƙin rini na kwali yana da arha, amma shi na fi hana mutane. Zai rufe komai yau, amma a kan gashin da ya sha bilicin yakan koɗe ya bar dabbare-dabbare, kuma ranar da kika sake sha'awar launi sai an yi wani bilicin mai tsanani kafin ya fita. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke kumbura wa wasu fatar kai da fuska. Kowane rini za ki sa, ki ɗan shafa a bayan kunne ki jira awa 48.

Lalle fa? Na san zuciya na karkata can don namu ne, kuma yana ƙara wa gashi ƙwari. A kan baƙin gashi ɗan ja kawai yake nunawa a rana. A kan rawaya kuwa ja ne mai ruwan lemo zai fito, ya fi na yanzu ɗaukar ido, kuma ba ya fita sai dai gashin ya tsiro a yanke. Masu haɗa shi da baba suna samun ruwan ƙasa, amma duk ranar da bilicin ya hau kan baba, kore yake komawa.

Abin da ba ki faɗa ba shi ne ko kina sa rilaksa. Idan kina sawa, kada ya taɓa layukan nan ko kaɗan. Bilicin da rilaksa a sili ɗaya, gashin tsinkewa yake a hannun mataji. A sa wa sabon tohon kawai, a bar aƙalla mako biyu tsakaninsa da rini. Ki jiƙa sili ɗaya ki ja a hankali: idan ya miƙe bai dawo ba, ko ya yi laushi kamar zai narke, ki jinkirta duk wani rini, ki yi mako biyu kina sitimin da man kaɗanya ko man kwakwa, ki rage sa masa zafi.

Da ni ce ke, zan koma salun ɗin da hoton ruwan zumar a waya, in ce tona nake so a lamba 7 mai ɗan ruwan gwal, da ruwan haɗi lamba 10, a gwada a ƙeya tukuna. Shamfun ki saye shi daga baya, lokacin da tonan ya fara koɗewa rawayar ta soma leƙowa.