GARGAƊI: Masu zoɓo da kunun aya a Kano, ku kula da mai buga sitikar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wadda take sana'ar zoɓo, kunun aya, yogot ko sabulun ruwa a cikin garin nan ta daure ta karanta wannan har ƙarshe, haka ma maza masu Adaidaita Sahu da masu shagon da suke son a yi musu rubutu a jikin gilashi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, maigidana yace in bar shi da Allah, to na bar shi da Allah ɗin amma wallahi ba zan iya yin shiru ina gani yana ci gaba da talla wasu suna tura masa kuɗin guminsu ba.

Akwai wani mutum da yake tallan buga sitika a Facebook da sitatus ɗin WhatsApp, yana cewa tasa ta roba ce ruwa baya taɓa ta, rana bata cin kalarta. Har bidiyo yake sakawa, zaku ga ya liƙa sitika a jikin gora ya tsoma a bokitin ruwa ya ciro ya goge da hannu, tana nan fes. Ni wannan bidiyon ne ya ja ni. Azumi ya matso, duk mai sana'ar kayan sanyi ta san lokacin ne kasuwarmu take buɗewa, kuma tsohuwar sitikata ta ƙare. Inda na fara tambaya sun ce mun naira 55 zuwa 60 kowacce ɗaya, shi kuma yace zai yi mun a 30 idan zan yi guda 3,000. Nace ina shagonka in zo, yace injinsa yana wajen Sabon Gari amma Hajiya kada ki wahalar da kanki ga rana ga cunkoso, zan aiko yaro da samfur. Yaron ya kawo guda biyar, na jiƙa su, na saka a firij suka kwana, na murza, ba abin da suka yi. Samfur ɗin gaskiya ne, a nan dabarar tasa take.

Sai yace kuɗin duka zan tura saboda kayan aiki sun yi tsada sai ya siyo da kuɗi a hannu. Akawun ɗin da ya turo sunan jiki daban da sunan da yake talla da shi, na tambaya yace na ƙaninsa ne nasa yana da matsala. Na tura 90,000.

Ba a kawo aikin ba sai ana gobe jajibirin azumi, bayan magariba, babu wuta a unguwarmu. An yanka su an ɗaure ɗari-ɗari da kyauro. Na haska da waya na duba na saman kowane ɗauri, irin samfur ɗin ne sak, na sallami yaron har da kuɗin mota. Ashe a kowane ɗauri guda huɗu ko biyar na sama ne kawai na roba, duk na ƙasa takarda ce mai sheƙi, wadda idan ba ka yaga ba ido ba zai bambance maka ba balle a duhu. Ni da yara muka zauna muka liƙe goruna har dare.

Ranar farko ta azumi da la'asar na buɗe kula, ruwan ƙanƙarar ya zama ja da shuɗi, sitikun sun jiƙe sun yi laushi kamar tsumma, sunan sana'ata da lambar wayata duk sun narke. Abin da yafi ƙona mun rai, wata kwastomata da muka shekara uku tare ta yi odar gora 60 na buɗa-bakin da take rabawa a masallaci, mijinta ya ɗauko da kansa tawadar ta ɓata masa farar shadda. Matar bata yi mun faɗa ba, cewa kawai tayi Maman yara wannan karon me ya faru, kuma daga ranar bata sake oda ba. Na kira shi yace wai ni ce na liƙa a jikin jiƙaƙƙiyar gora. Nace to na saman me yasa basu lalace ba, ai gora ɗaya ce kula ɗaya ce. Yace zai zo ya gani. Washegari waya a kashe, jibi ya yi bulokin ɗina ko'ina.

Da na faɗa a gurup ɗinmu na mata masu sana'a sai ga mutum huɗu sun fito da labari iri ɗaya, har da wadda ita ko takardar ma bai kawo mata ba. Wata kuma ƙaninta ne mai Adaidaita, ya yi masa rubutu da hoto a bayan keken, wata biyu ba a yi ba jan ya koma fari-fari, gefen ya tattare ya bar baƙin layi na gam da ƙura.

Yayana ne ya kai ni wajen wani dattijo da ya daɗe a harkar ɗab'i, na zube masa sitikun a tebur. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗauki ɗaya ya yaga, yace 'yata kin ga wannan farin zare-zaren a bakin yagar, takarda kenan. Ya ɗauki ta saman ya ja, sai ta miƙe kamar leda bata yage ba. Abin da ya koya mun a zaman nan da na san shi tun farko da ba a cuce ni ba, shi yasa zan faɗa muku yadda na fahimta.

Abu biyu ne a sitika, abin da aka buga a kai da kuma tawadar da aka buga da ita, kuma ko wanne cikinsu zai iya kashe aiki. Ta roba ita ce masu sana'ar suke cewa binil ko SAV, wato roba mai gam a bayanta, da wata irin roba mai suna PVC ake yinta, tana zuwa a naɗe cikin rol. Akwai kuma wata siririyar leda da ake cewa BOPP, irin wadda manyan kamfanoni suke sakawa a jikin kayan da suke shiga sanyi ko ruwa. Ta takarda ba haramun bace, tana da wajenta, idan kayanki busassu ne kamar yaji, kuka, garin kunu, cincin ko ambulan ɗin biki to ta ishe ki kuma tafi araha. Laifin shine a karɓi kuɗin roba a baki takarda.

Tawada kuma, ƙaramar firinta irin ta ofis da yawanta tawadar rini take amfani da ita, wadda ruwa ne asalinta, ruwa na taɓa ta take narkewa rana kuma ta cinye ta da wuri. Ita aka yi mun da ita. Akwai bugun da suke cewa DI, wanda garin tawada da ake cewa tona ake narkarwa da zafi a kan takarda A3, shi kalarsa bata zuba a ruwa amma idan takarda ce a ƙasa to takardar zata jiƙe ta saɓule, kin ga an gudu ba a tsira ba. Wadda ake yi wa binil ita ce eko-solben, a manyan injina irin su Roland da Mimaki da 'yan Chaina masu kan fesa tawada na kamfanin Epson, tawadar tana ɗan cin fuskar robar ta shige ciki, injin kuma yana da hita da take busar da ita. Sai bugun UV wanda fitila take busar da tawadar nan take. Duk wanda yace miki yana buga sitikar roba, tambaye shi wane inji ne wace tawada ce. Mai sana'ar gaske daɗi ma yake ji a tambaye shi, zai ja ki ya nuna miki injin yana aiki. Wancan da ya cuce ni da na tambaye shi a waya cewa yayi Hajiya injin waje ne kawai ki kwantar da hankalinki.

Maganar keke da mota ita tafi zurfi, kuma nan ne ake yiwa maza wayo. Binil ɗin kansa iri biyu ne. Akwai wanda ake matse robar da zafi a tsakanin manyan rodi har tayi faɗi, kamar yadda muke murza taliya, suna ce masa kalanda, kaurinsa kamar maikuron 70 zuwa 100 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Tunda da ƙarfi aka miƙar da shi, idan ya sha rana sai ya dinga ƙoƙarin komawa yadda yake, shine zaku ga ya ja baya ya bar gam a gefe ƙura ta manne. Ɗayan kuma narkakkiyar roba ake zubawa a shimfiɗa a gasa ta bushe, suna ce masa kas, siriri ne kamar maikuron 50, baya tattarewa sosai kuma yana bin lanƙwasar jikin mota, amma yafi tsada nesa ba kusa ba. Shi kalandan ma hawa-hawa ne, akwai mai arha na tallan 'yan watanni akwai mai dama-dama da yake shekaru a waje mai shafe kamar gilashin shago ko allo. Dattijon ya ɗauko mun guntun wani kalanda mai dama-dama mai suna Oracal 651, na kamfanin Orafol na Jamus, wanda shi da kalarsa yake zuwa inji ne kawai yake yanka haruffa, ya juya bayan ya nuna mun sunan a buge a takardar. Yace kamfanin yana cewa yana kai shekara 6 a waje, amma lissafin da yanayin tsakiyar Turai aka yi shi kuma a abin da yake tsaye, mu da zafi yake kai digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu ga ruwan Agusta, kada kowa ya yi maka alƙawarin wannan shekarun a Kano. To ina ga wanda bayansa fari fat babu sunan kowa.

Sai laminatin, wato wata farar leda mai gani-har-hanji da ake shimfiɗawa a saman bugun ta kare shi daga karcewa da rana da sabulu. Duk abin da za a dinga wankewa ko fetur zai iya zuba a kai yana buƙatarta. Kuma bugun eko-solben sai an bar shi ya sha iska kamar awa 24 kafin a rufe shi da ita, in ba haka ba tururin tawadar yana maƙalewa ya kashe ƙarfin gam ɗin ko ya tada ƙuraje. Saboda haka wanda yace maka kawo da safe ka karɓa da azahar har da laminatin, akwai abin da ya tsallake. Na ƙanin matar nan ba a yi masa laminatin ɗin ba sam, alhali an caje shi kuɗinta.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa, maganar jiƙaƙƙiyar gora da ya fake da ita tana da tushe duk da ba ita ce matsalata ba. Ko sitikar kirki ce, a busasshiyar gora mara maiƙo ake liƙawa tun kafin a zuba abu mai sanyi, a danna sosai, in da hali a bar ta ta kwana gam ɗin ya kama kafin ta shiga firij. Gorar da ta fara gumi babu gam ɗin da zai riƙe ta yadda ya kamata.

Yanzu ni dai ko wa zan ba aiki sai na taka ƙafata naje shagon naga inji da idona, rabin kuɗi zan bayar a rubuta mun rasit da irin kayan da irin tawadar da adadi, kuma akawun ɗin ya zama sunan shagon ko na mai shagon. Ranar karɓa da rana tsaka zan karɓa, in zaro daga tsakiyar ɗauri da ƙasansa ba na sama ba, in yaga ɗaya, in jefa ɗaya a kofin ruwa, in murza ɗaya da jiƙaƙƙen yatsa a gabansa sannan in cika kuɗi. Dattijon da kansa yace in yi masa haka a aikin da ya sake mun, kuma nayi, ya tsaya yana kallo har na gama.

Ban saka suna ko lamba a nan ba saboda yana canza su, matan nan huɗu kowacce da sunan shafin da ya yi mata amfani da shi, kuma bana son in jawo wa mai akawun ɗin abin da ƙila bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma salon nasa ɗaya ne, bidiyon bokiti, farashi rabin na kasuwa, babu shagon da za a je, kuɗi duka a gaba, kawo kaya da daddare. Idan ya taɓa yi miki ko ya yi maka, kada ku goge hirarku ta WhatsApp da shaidar tiransifa, kada kuma ku zubar da sitikun. Ni nawa sama da 2,000 suna nan a leda na ajiye. Mu biyar mun haɗa takardunmu, ranar Litinin in Allah ya kai mu yayana zai raka mu ofishin hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano mu shigar da ƙorafi, duk wanda abin ya shafa ya yi mun magana ta inbos kafin Lahadi da daddare in saka sunansa a ciki.