Direbobi ko SSD: wanne za ka fara da shi?

Ƙanena, ka ce ka sayi Dell Latitude ta gwanjo, an yi mata fomat an sa Windows 10, sai ga shi Wi-Fi ba ya fitowa, sauti ya ɗauke, kuma kafin ta gama buɗewa sai ka gaji da jira. Wani ya ce maka direbobi ne, wani ya ce sayi SSD komai zai warware, kuɗin hannunka kuma ba su kai ka yi gwaji da su ba. Cuta biyu ce a jikin laftof ɗin, kowannensu ɗaya ya gani.

Direba ƴar ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ya iya aiki da kowace na'ura da ke cikin laftof: katin Wi-Fi, na sauti, kyamara, wurin zazzaga yatsa. In babu shi, na'urar tana nan lafiya lau, Windows ne kawai bai gane ta ba. Gyaransa ba ya cin ko dala sai data. SSD kuwa ma'ajin bayanai ne mai sauri da ke maye gurbin faifan laftof, kaya ne da za ka ciro kuɗi ka saya, kuma nauyi yake magani. Ko wanda ya fi kowane tsada ka sa, Wi-Fi ba zai dawo ba. Haka nan ko ka cika direbobi tsaf, in tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, wato HDD, jiran nan yana nan.

Kana iya tabbatar da kowanne da idonka. Danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ko Gestionnaire de périphériques in Windows ɗinka na Faransanci ne. Duk abin da ka gani da ƴar alwatika ruwan ɗorawa a gefensa, galibi direbansa ne babu ko ya samu matsala. Don nauyi kuma, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance. In faifan ya tsaya a kashi 100 alhali furosesa na zaune ba ta aikin komai, ka kama ɓarawonka. A wurin ma yakan rubuta maka HDD ne ko SSD.

Wajen direbobi, abin da ke fara tsayar da mutane shi ne intanet ɗin da za a sauko da su, tunda Wi-Fi ɗin ne ya tafi. Ɗauki wayarka ta Android, haɗa ta da laftof da igiyar caji mai ɗaukar data, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Windows yakan gane ta ba tare da an sa masa komai ba. Daga nan hanya biyu ce mai kyau. Windows Update shi ya fi sauƙi: ka bar shi ya bincika, sannan ka leƙa cikin sabuntawa na zaɓi, don nan direbobi da yawa suke ɓoye. Illarsa ba ya tausayin data, zai jawo har abin da ba ka nema ba. Shafin Dell ya fi ɗan wahala amma ya fi tsafta. Juya laftof ɗin, a ƙasa akwai Service Tag, wato lambar shaidar injinka, mai haruffa da lambobi 7. In takardar ta goge, danna F2 lokacin kunnawa, za ka gan shi a BIOS, wato shafin saitin injin da zai buɗe. Da shi shafin zai fito maka da direbobin injinka kaɗai, ka zaɓi wanda kake buƙata. Fara da na chipset, wato abin da ke haɗa furosesa da sauran na'urorin, sannan na hoto, sauti, Wi-Fi. Mai sayen data kaɗan-kaɗan, wannan na fi ba shi shawara.

Wani lokaci samfuri ɗaya na zuwa da katin Wi-Fi iri biyu ko uku, sai ka rasa wanne ne naka. Koma Device Manager, danna dama a kan na'urar, shiga Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. Duba lambar da ke bayan VEN: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14E4 na Broadcom, 168C na Atheros. Magana ta ƙare.

Akwai hanya ta uku da masu gyara da yawa ke bi, wato tarin direbobi a filash da ke sa komai da dannawa ɗaya. Na san tana da sauri, kuma ga mai shago da ke da injuna goma a gabansa ina gane dalilinsa. Amma ni ba na son ta. Wasunsu na shigo da manhajojin talla, wasu kuma su ɗora direban da ya yi kusa amma ba shi ba ne, sai bayan kwanaki allo ya fara yin shuɗi, mai laftof kuma bai san daga ina abin ya samo asali ba.

Sai batun ajiya. HDD na laftof, mai juyi 5400 a minti, yakan karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa. SSD iri biyu ne, gwargwadon hanyar da yake haɗuwa da injin: SATA da NVMe. Na SATA yana kaiwa 500 zuwa 550. NVMe a kan PCIe 3.0 yana iya kaiwa 3500. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi zai ce NVMe ko ba komai, amma a aikin yau da kullum, buɗe Word, bincike a intanet, kallon darasi, babban canjin yana tsakanin HDD da SSD ne. Daga SATA zuwa NVMe sai mai tace bidiyo ko kwashe manyan fayiloli zai ji bambanci sosai. Ga ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke rubuta kundinsa, SATA ya wadatar. Akwai kuma ribar da ba ta cikin lambobi: HDD faifai ne da allura a kansa, girgiza na lalata shi, kai kuma kullum laftof na cikin jaka a bayan kabu-kabu. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki.

Inda ake asarar kuɗi shi ne sayen wanda bai shiga ba. Tsofaffin Latitude suna da gurbin faifai mai inci 2.5, nan SATA kaɗai ke zama. Sababbi suna da ramin M.2, galibi girman 2280, wato faɗin milimita 22, tsawon 80. To M.2 ɗin ma iri biyu ne, na SATA da na NVMe. Na SATA yakan zo da tsaga biyu a bakinsa, NVMe yawanci tsaga ɗaya, kuma wani ramin zai karɓi katin ya zauna daram amma injin ya ƙi ganinsa. Kar ka saya sai an buɗe bayan laftof ɗin an gani, ko ka duba littafin gyaran samfurinka a shafin Dell.

Girma kuwa, 256 GB ya isa Windows da kayan karatu, 512 ya fi kwanciyar hankali. Tsohon HDD kar ka yar, sa shi cikin ƴar akwatin USB ya zama ma'ajin bidiyo da hotuna. In SSD na hannu za ka saya a kasuwa, je da laftof ɗinka, a sa a gabanka, ka buɗe manhajar duba faifai mai suna CrystalDiskInfo. Zai nuna maka lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Mai kayan da ya ƙi a gwada, bar masa abinsa.

Yanzu ga inda abubuwan biyu suka haɗu, kuma nan nake so ka natsu. Duk ranar da ka sa SSD ka ɗora Windows sabo, direbobin da ka sha wahalar sawa sun tafi tare da tsohon faifai. Don haka gyara direbobin yau, tunda ba sa jiran kuɗi, amma kowane fayil da ka sauko da shi ka adana a filash. Ko kuma bayan komai ya daidaita, yi folda mai suna direbobi a filash ɗin, buɗe Command Prompt a matsayin mai iko, ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi, in E ne harafin filash ɗinka. Ranar SSD sai ka mayar da su ba tare da ka sake sayen data ba. In furosesarka Intel ce ƙarni na 11 zuwa sama, haɗa da direban faifai mai suna Intel RST, don in babu shi mai ɗora Windows kan ce bai ga faifai ba, mutum ya ɗauka SSD ɗin ne matacce.

Tunda za a sake ɗora Windows, ka sani Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana son TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin injin, da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Turo cikakken sunan samfurin, Latitude nawa ce, da adadin RAM ɗinta, sai a gaya maka SSD ɗin da zai shiga da Windows ɗin da za ta ɗauka.