Lagireton goran-ruwa da na saya bayan na roba ya yashe ni a hanyar Koko

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Kebbi yake haura digiri 40, na taso daga Birnin Kebbi zuwa Yauri ɗaurin aure a tsohuwar motata 'yar Beljiyam, ƙirar 1998. Mun wuce Jega, mun wuce Maiyama lafiya, sai na ji wata ƙara kamar an fasa ƙwarya, tururi ya turnuƙe gilashin gaba. Da na ɗaga bonet na tarar wuyan lagireto, inda babban tiyo yake shiga, ya ɓalle gaba ɗaya, robar tana marmashewa a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wata alama da ta gabata, domin da asubar ranar na duba ruwa, ban ga ko ɗigo ɗaya a ƙarƙashin motar ba. Sa'a uku muka yi a gindin darbejiya ni da iyali kafin a sami mai jan mu, ɗaurin aure kuwa sai labarinsa muka ji.

Bakaniken da ya duba ta a Koko ya ce, "Alhaji, wannan ba ta gyaruwa. Roba idan ta tsufa, ko ka liƙe nan da gam, can za ta buɗe." Gaskiyarsa ne, domin tankin irin wannan lagireto nailan ne da aka gauraya da zaren gilashi aka danne shi a jikin goran-ruwa, wato alminiyam, kuma shekara fiye da ashirin yana shan ruwa mai zafin kusan digiri 90 cikin matsi, ya yi zafi ya huce, har ƙarfinsa ya ƙare. Nan na tuna Peugeot 504 ɗin mahaifina, haɗin Kaduna, wadda lagiretonta na tagulla ne. Idan ya fara yoyo, mai walda yakan toshe shi da dalma a bakin hanya a ci gaba da tafiya.

Saboda haka da na dawo gida na ƙi sayen na roba, na nemi wanda tankinsa da wuyansa duk goran-ruwa ne, kuɗinsa kuwa masu harkar sun san ba wasa ba ne. A watannin farko na yaba ƙwarai. Na je Argungu, na je Kamba da tsakar rana, allurar zafi ba ta wuce rabi ba.

Sai dai yabon bai daɗe ba. Tun ranar ɗaurawa kunnuwansa ba su dace da mazaunin motar ba, sai da aka huda sababbin ramuka, alhali mai shagon ya rantse mini cewa daidai yake. Bayan wata bakwai sai ga wani farin gari yana taruwa a bakin walda, da danshi kaɗan. A nan ina da nawa laifin, domin ruwan rijiyar burtsatse nake zubawa maimakon ruwan lagireto mai launi, shi kuwa goran-ruwa ruwa tsura cin sa yake yi, amma waldar ma ba ta da kyau tun asali. Da na kai gyara aka ce dalma ba ta kama shi, sai mai waldar goran-ruwa, wanda na yi kwana biyu ina nema a gari.

Duk da haka, wannan yoyon ya ba ni mako biyu ina ganinsa ina ƙara ruwa, bai tsayar da ni a daji ba. Murfin tamostat na motar, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, har yanzu na roba ne, kuma na riga na gaya wa bakanikena ya nemo na ƙarfe kafin bazara ta shigo, amma wannan karon sai na gwada zamansa da idona kafin in biya ko sisi.