Wata takwas da ƙaramar mitar awon wuta: yadda ta taimaka min wajen gyaran murhun lantarki

Babban kan murhunmu ne ya fara daina zafi. In ka murɗa makunni jar fitilar gaba za ta kama, amma ka ɗora tukunya minti goma ruwa ko ɗumi bai yi ba. Sauran kawuna ukun lafiya lau. Ni har na yanke cewa farantin ya ƙone, na auna faɗinsa zan sayo sabo, sai wani abokin aikina ya ce in dakata in nemi mita in gwada tukuna.

Wadda na saya irin ƙaramar nan ce mai allon lambobi da ake kira maltimita. Batir mai bolt 9 take ci, tana da wayoyin gwaji biyu, ja da baƙa, an kuma rubuta CAT III 600V a jikinta. Wannan rubutun ba ado ba ne, shi ke nuna an yi ta don jure aikin wayarin na cikin gini, kuma ba zan ba kowa shawarar ya kai mitar da ba ta da shi kusa da murhu ba.

Kafin in kwance ko noti ɗaya sai da na sauke bireka, wato makunnin da ke yanke wutar layin murhun. Babban murhu yawanci layinsa daban ne, namu amp 32 ne. Na fara gwada mitar a soket mai wuta don in tabbatar tana aiki, sannan na ɗora ta a mahaɗar wayoyin bayan murhun, ta nuna sifili. Daga nan na ɗaga marfin sama, na ɗauki hoton wayoyin da wayata don kada in rikice wajen mayarwa.

A nan mitar ta fanshi kuɗinta. Farantin wat 2000 ne, wutar kuma bolt 230. In ka ninka 230 sau 230 ka raba da 2000, za ka samu om 26 da ɗan ɗoriya (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wucewar wuta), abin da lafiyayyen faranti ya kamata ya nuna ke nan. Na zare wayoyinsa biyu, na dafa tsinin mitar a ƙafafunsa, allo ya nuna 27. Ashe farantin da nake shirin jefarwa ƙalau yake. Sai na juya mitar zuwa wurin da take ƙara in waya ba ta tsinke ba, na bi layin baya zuwa makunni. Waya ta farko ta yi ƙara, ta biyu shiru. Da na haska tocila sai ga kan wayar ya yi baƙi ƙirin, robarsa ta narke ta ƙanƙance, ina taɓa shi ya marmashe a hannuna. Maƙalin ne ya saki, shi kuwa maƙali in ya yi sako-sako zafi yake tarawa a hankali har ya cinye kansa. Jar fitilar da ta yaudare ni daga makunni take samun wuta, ba ruwanta da ko wutar ta isa faranti.

Na sa sabon maƙali da guntuwar waya mai jure zafi. Wayar gida ta yau da kullum ba ta yi a cikin murhu, narkewa za ta yi. Tun ranar kan yake aiki.

Bayan wata biyar oben ya daina zafi, fanka na juyawa amma iska ce mai sanyi. Wannan karon mitar ta nuna OL a kan ƙarfen zafin, wato zaren cikinsa ya tsinke. Da na ciro shi na ga inda ya kumbura ya fashe. Canji kawai na yi.

Mitar tana da aibu, kuma wasu sun dame ni sosai. Allonta ba shi da haske, alhali bayan murhu duhu ne, sai ka riƙe tsini biyu da tocila a lokaci guda. Wayoyin gwajin gajeru ne masu tauri, tsininsu ya yi kauri ga matsattsun wurare, dole na sayo masu baki kamar na kada da ke cije waya da kansu. Ƙararta kan ɗan makara, in ka yi saurin ɗage hannu sai ka ɗauka lafiyayyar waya ta tsinke. Takardar bayaninta kuwa ba ta ja kunne yadda ya kamata a kan ramin 10A, wanda ake cusa jar waya a ciki in za a auna amp, ba: in ka manta jar waya a can ka je auna bolt, ka haɗe wuta kai tsaye ke nan.

Akwai kuma inda ta gaza gaba ɗaya. Kwanan baya na'urar kariya ta gidan, mai yanke wuta in ɗigon lantarki ya kai miliamp 30, ta riƙa faɗuwa duk lokacin da aka kunna wutar gashi ta sama. Na auna tsakanin ƙarfen zafin da jikin murhu, mitar ta ce babu komai. Ba ƙarya ta yi ba, ƙarfin batirinta ne bai kai ya tono irin wannan matsalar ba. Farin garin da ke raba zaren da bututunsa yakan sha danshi ko ya lalace, sai wuta mai ƙarfi ta bi ta cikinsa. Na kira mai gyaran wuta, ya zo da na'urar da ke gwaji da bolt 500, cikin minti biyu ya nuna min ƙarfen na ɗiga. Na ji daɗin da ban ci gaba da mayar da bireka ina kunnawa ba, don jikin murhun ne wutar ke bi.

Zan sake sayen irin wannan maltimita, amma mai hasken allo, kuma tare da wayoyi masu cizo tun ranar farko.