Gidan tarihin Panorama 1453 a Istanbul: ya cancanci kuɗin shigarsa

Sarin abaya ne ya kai ni Istanbul. Ranar da muka gama ɗaure kaya a Laleli, Gwaggo ta ce, "Ke da ba kya gajiya da tarihi, tashi in kai ki inda Fatih ya shiga." Tana nufin Sultan Muhammad, sarkin Turkawa da ya ci birnin da yaƙi. Muka hau jirgin ƙasan cikin gari muka sauka a Topkapı, dab da tsohuwar ganuwar birnin, inda gidan tarihin yake.

Ɗakunan bayani ake fara ratsawa, sannan a hau matakala. Ina kaiwa sama sai da na dafa ƙarfe. Zane guda ne ya kewaye mutum ta ko'ina har saman kansa, faɗin wurin mita 38, da mutane wajen 10,000 a ciki. Safiyar Talata ce, 29 ga Mayu 1453. An jera igwogi a gabanmu, kuma na kasa gane inda suka ƙare zanen ya fara. Ga rugugin harbi, ga tamburan yaƙi. A wani gefe ganuwa ta rufta, mayaƙa na hawa. Na daɗe ina kallon Sultan Muhammad a kan farin dokinsa. Shekararsa 21 kacal a ranar, sa'an ƙanina na biyu, ya yi kwana 53 yana kewaye da Ƙustantiniyya, wato Istanbul ta yanzu. Da sarƙa ta tare masa mashigar ruwa, ta tudu ya sa aka ja jiragensa.

Inda raina ya sosu shi ne ɗan jagoran da muka ɗauka tun daga masauki. Sauri yake ta yi, bakinsa bai wuce girman igwa ba. Bai ambaci Kustantin na 11 ba, sarkin Rumawa na ƙarshe, wanda ya ƙi miƙa birnin, ya mutu cikin mayaƙansa. Bai ce komai ba kan babban wazirin Sultan, Halil Pasha, wanda ya so a yi sulhu, aka kama shi bayan nasara, aka kashe shi a shekarar. Ni kuwa waɗannan nake son ji, don su ne ke nuna abin da aka biya kafin a yi Juma'ar farko a Aya Sofya, babbar majami'ar birnin a lokacin, bayan kwana uku.

Idan za ku je, ku karanta labarin tun a gida, ku riƙe kuɗin jagora. Ku tafi da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin. Da muka fito na bi gindin ganuwar ta gaske na shafa dutsenta da hannuna, daga nan Gwaggo ta tare mana mota zuwa kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari, a can muka yi la'asar.