PowerToys ya sama wa madannin Caps Lock aikin yi a kwamfutata

Aikina gyaran rubutu ne a kwamfutar kan tebur, kuma da wuya shafi ya zo gabana da harshe ɗaya. Ina cikin buga haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai marubuci ya kawo nassin Larabci a tsakiyar magana, dole in sauya tsarin kibod, in buga layi guda, in sake dawowa. Windows na da hanyoyinsa na yin haka: a haɗa Alt da Shift, ko madannin Windows da dogon madannin tazara. Duka suna aiki. Sai dai kowanne yana son yatsu biyu, kuma hannun hagu sai ya bar mazauninsa. Wanda ke sauyawa sau biyu a yini ba zai ji komai ba. Ni kuwa kafin yamma wuyan hannuna ya fara tsami.

Ga kuma Caps Lock nan, faffaɗa, jingine da harafin A, daidai inda ƙaramin yatsa yake hutawa, amma sai in yi mako ban taɓa shi da gangan ba.

Abin da ya kai ni ga PowerToys ke nan, tarin ƙananan manhajoji na Microsoft da ake saukewa kyauta. Sunan tsoho ne tun zamanin Windows 95, aka farfaɗo da shi a 2019, sannan a 2020 aka ƙara masa sashen da ake kira Keyboard Manager, mai sauya wa madannai aiki. Shi kaɗai nake buƙata, sauran na kashe su.

Saitin bai ci mini minti biyar ba. Tebur ne mai gida biyu: a na farko na zaɓi Caps Lock, a na biyu na sa haɗin madannin Windows da na tazara, na amince. Nan take ya gargaɗe ni cewa Caps Lock na ainihi ya zama maraya, babu madannin da ke yin aikinsa. Wannan gargaɗin ya burge ni ƙwarai, domin wanda ya tsara shi ya tuna da ranar da mutum zai so buga kanun labari da manyan baƙaƙe. Sai na ɗora wa Scroll Lock wannan nauyin, tunda shi ma zaman banza yake yi can sama.

Yanzu taɓawa ɗaya, rubutu ya juya daga dama zuwa hagu; wata taɓawar, ya dawo. Idona ba ya barin layin da nake gyarawa, kuma wannan shi ne ribar da na fi ji, fiye ma da saurin.

Akwai iyakoki da ya kamata mai saukewa ya sani tun farko. Sauyin yana aiki ne muddin PowerToys na gudana a bayan fage, don haka a sa shi ya tashi tare da kwamfuta. Ba ya kaiwa shafin shigar da kalmar sirri na buɗe Windows. Idan kuma tagar wata manhaja tana aiki da ikon mai gudanarwa, wato cikakken iko a kan kwamfutar, sai an ba PowerToys irin wannan ikon kafin madannin ya ji magana a cikinta. Shawarata kuma, a rage tsare-tsaren kibod zuwa biyu. Da uku, sai ka riƙa leƙen kusurwar allo don sanin inda ka sauka.

Masu Mac da Linux suna da zaɓin amfani da Caps Lock wajen sauya harshe a cikin saitinsu. Mai Windows da ke rubutu da harsuna biyu kullum, wannan ce hanya mafi sauƙi da na gwada, kuma na riga na saita ta a kwamfutar abokiyar aikina da ke buga Rashanci.