Bushin foliyuretan a tsohuwar Marsandi W123: ra'ayina bayan na ɗaura

Duk mai riƙe da W123, wadda Mercedes-Benz ta ƙera daga 1976 zuwa 1986, ya san don taushin tafiya ake son ta. Tawa ta fara ƙwanƙwasa a gaba in ta faɗa rami, sitiyari na yawo, tayoyin gaba kuma na cinyewa ta ciki. Da aka ɗaga ta, sai ga robobin hannuwan ƙafa, wato ƙarafan da ke haɗa taya da jikin mota, duk sun tsattsage. Waɗannan robobin su ake kira bushi. Na sayi saitin bushi na foliyuretan, wani nau'in roba da ya fi na asali tauri, na kai wa bakanike.

Kayan sun zauna daidai a mazauninsu. Tunda rabi biyu suke zuwa da bututun ƙarfe a tsakiya, da hannu ma ana tura su. Wahalar tana wajen cire tsofaffin, waɗanda tsatsa ta riƙe, sai da injin matsi. Sifirin gaban wannan mota kuwa ba abin wasa ba ne; da abin matse shi na musamman aka sauke shi.

Aikin bakaniken ne ya fi burge ni. A wuraren da muka bar bushin roba, bai ɗaure noti tamau ba sai da ya sauke motar, nauyinta ya hau tayoyi. Robar manne take da bututun ciki, ba ta juyawa, murɗewa take yi. In aka ɗaure ta motar na rataye a kan jak, da an sauke za ta zauna a murɗe, nan da nan ta yage, motar kuma ta tsaya sama da yadda ya kamata. Foliyuretan shi juyawa yake a kan bututun, shi ya sa dole a shafe shi da giris ɗin da ya zo da shi, in ba haka ba ya dame ka da ƙiƙi-ƙiƙi. Kafin ya kwance ƙusar da ke saita karkatar taya, sai da ya yi mata alama, daga nan muka wuce alaimen.

A hanya fa? Sitiyari ya dawo da ji, motar ba ta kwanciya a kwana kamar da, birki ma ba ya jan ta gefe. Amma taushin nan ya ragu. Ƙananan gargada da a da ba na ji, yanzu suna zuwa har kujera, ƙarar titi kuma ta ƙaru a ciki. Wannan ya dame ni, don ba motar tsere na saya ba.

Zan bar foliyuretan a sandar hana tangaɗi, can ya dace sosai. A hannuwan ƙasa kuwa roba mai kyau zan mayar, sabuwar ƙira, domin wadda ta daɗe a ajiye kan bushe tun kafin a ɗaura ta.